Kulob ɗin gudun daji, parkrun, tseren titi ko gidan motsa jiki: wanne ya dace da baƙo a hunturun Ingila?

A ƙarshen watan Satumba wani ƙanena da ya zo karatun digiri na biyu a Birmingham ya buga mini waya yana cewa, "Yaya, wani ɗan ajinmu ya matsa mini lamba in shiga kulob ɗinsu na gudu, wai wata mai kamawa za su fara gudun daji, ni kuwa saura ƙiris in biya kuɗin gidan motsa jiki. Wanne ka ga ya fi?" Amsar da na ba shi a lokacin gajera ce, kuma ni kaina ba ta gamsar da ni ba, domin zaɓin ya wuce abu biyu. Wanda ya tsinci kansa a Ingila yana son ya riƙa gudu a watannin sanyi, hanyoyi huɗu ne a gabansa: ko ya shiga kulob na unguwarsu ya yi musu gudun daji, ko ya tsaya ga parkrun, wato gudun kilomita 5 na kyauta da ake yi safiyar Asabar, ko ya riƙa biyan kuɗi yana shiga tseren titi, ko kuma ya fake a gidan motsa jiki yana gudu a kan inji. Babu wanda ban taɓa ba a cikinsu, wasu na daɗe a kai, wasu kuwa na gwada na bari.

Abin da nake kira gudun daji shi ne wanda muka sani a makarantun kwana da sunan kuros-kantiri, inda ake sako ɗalibai su zagaya ta bayan gari su ratsa gonakin da aka girbe, su dawo fututu da ƙura. Bambancin shi ne a nan babu ƙura, sai ciyawa da taɓo da tuddai da ruwan sama mai sanyi, kuma kakarsa tana farawa ne a Oktoba ta ƙare wajen Fabrairu ko Maris. Wasan tsoho ne a ƙasar. Ya samo asali daga abin da ɗaliban ƙarni na 19 suke kira zomo da karnuka, inda wasu za su yi gaba suna watsa yagaggun takardu, sauran su bi sawu. Bahaushe ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, su kuwa gudun kawai suke ci. An kafa kulob ɗin Thames Hare and Hounds a kudu maso yammacin Landan a 1868, yana nan har yau, sannan aka yi gasar ƙasa ta farko a 1876, wadda aka soke sakamakonta saboda duk masu gudun sun ɓace hanya. Tun daga wancan zamani 'yan sa-kai ne ke riƙe da harkar, kuma wannan ne dalilin arahar da za a gani a ƙasa.

Ma'aunan da na bi

Ma'auni na farko shi ne kuɗi, kuma na shekara guda nake nufi, har da takalmi da kuɗin mota, domin abin da ke cin aljihu ba ya bayyana a ranar farko. Na biyu ɗorewa, wadda ta kasu gida biyu: ɗorewar kayan da mutum zai saya, da ɗorewar shi kansa a kan abin, wato ko zai kai Fabrairu yana fita ko tun a Nuwamba bargo zai rinjaye shi. Wannan kashi na biyun ya fi komai muhimmanci a wurina, saboda tsarin da aka bari bayan mako shida ya fi kowane tsari tsada ko da kyauta ne. Na uku sauƙin shiga, kuma a nan ne lokutan aiki da salla da azumi da sutura suke shigowa. Na huɗu haɗari ga lafiya. Na ƙara na biyar wanda ƙanena bai ambata ba amma na ji shi a muryarsa, wato ko abin zai haɗa mutum da jama'a. Wanda ya saba da gidan da ba a rasa mai sallama, idan ya wayi gari a ɗaki ɗaya shi kaɗai, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma a Disamba, ba ƙarfin huhu kaɗai yake nema ba.

Farashin da zan ambata kimantawa ce bisa abin da aka saba gani, yana kuma bambanta daga gari zuwa gari, Landan ta fi ko'ina tsada.

Kulob da gudun daji

Ta fuskar kuɗi, ana biyan kuɗin zama mamba sau ɗaya a shekara, kuma a yawancin ƙananan kulob yakan kama tsakanin fam 30 da 60. A ciki akwai kuɗin rajista da hukumar England Athletics, wanda a 2025 ya kai wajen fam 20, kuma shekarar rajistar tana farawa ne a ranar 1 ga Afrilu ta ƙare 31 ga Maris. Kulob mai filin tsere nasa na kansa yakan fi haka tsada, ɗalibai kuma galibi ana yi musu rangwame. Dole ne a sayi singiletin kulob, domin ba a shiga gasar ƙungiyoyi sai da ita, wajen fam 15 zuwa 25. Su kansu tseren lig, waɗanda sukan zama huɗu ko biyar a kaka, kulob ne ke biyan kuɗin shiga a mafi yawan wurare, mamba ya yi gudunsa kyauta ko ya ba da 'yan fam kaɗan. Akwai irin waɗannan lig a kusan kowane yanki, misali Met League da Surrey League a Landan da kewaye, da na Birmingham, da na yankin Manchester.

Sai takalmi. Na asali shi ne mai ƙusoshi a tafin gaba, marar nauyi, wanda ake samu daga fam 40 zuwa 80, a ɗaura masa ƙusa mai tsawon milimita 9 idan ƙasa na da ƙarfi, 12 ko 15 idan ta yi caɓi. Wanda bai so ya saya ba yana iya amfani da takalmin hanyar daji mai manyan haƙora a tafi, wanda ya ɗan fi tsada amma ana iya yin atisaye da shi kullum. Kuɗin da ba a lissafa shi da farko shi ne na zuwa wurin tseren, saboda filayen sau da yawa suna bayan gari inda bas ba ta kaiwa sosai. Al'adar kulob ita ce masu mota su ɗauki marasa mota, kuma ya kamata wanda aka rage wa hanya ya riƙa tayin kuɗin mai ko da za a ƙi karɓa.

Takalmin ƙusa yana daɗewa ƙwarai, tun da ranar tsere kaɗai ake sa shi, abin da bai wuce sau shida ko takwas a shekara ba. Sharaɗin shi ne a wanke shi a ranar, a cusa masa tsohuwar jarida ta tsotse ruwan, kada a ɗora shi kan na'urar ɗumama ɗaki domin gam ɗinsa yana saki, sannan a kwance ƙusoshin a shafa musu ɗan mai. Wanda ya bar su a ɗaure har bazara zai tarar tsatsa ta kama su, sai da filaya, wani lokacin ma ba sa fita.

Ɗorewar mutum kuwa, a nan ne kulob ya yi wa sauran ukun fintinkau, kuma sirrin yana cikin yadda ake ƙirga maki. Ba a duba mintin da mutum ya yi, ana duba na nawa ya zo. Wanda ya zo na 5 ya jawo wa kulob ɗinsa maki 5, wanda ya zo na 80 maki 80, a tara na mutanen farko na kowane kulob, wanda jimlarsa ta fi ƙanƙanta shi ne ya ci. Yawan waɗanda ake ƙirgawa ya danganta da lig, wani huɗu, wani shida, wani goma ko fiye, kuma sau da yawa akwai rukuni na biyu da na uku. Ma'anar wannan ita ce ƙaramin kulob yana buƙatar kowa domin ya cike adadinsa, kuma ko wanda ba a ƙirga shi ba, idan ya wuce mutumin wani kulob da ake ƙirgawa, ya ƙara wa abokan hamayya maki ɗaya. Shi ya sa kyaftin yake bin mutane ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp tun ranar Laraba yana tambayar wa zai zo.

Ban fahimci wannan ba sai a tserena na farko, wata Asabar a Nuwamba. Na je da takalmin titi saboda rowa, na ɗaure shi sakwa-sakwa kamar yadda na saba. A zagaye na biyu, a wani kwari da ɗaruruwan ƙafafu suka riga suka dama shi ya koma kamar kunu, ƙafata ta hagu ta nutse har idon sawu, na zaro ta da safa kaɗai. Na koma na tsuguna ina lalube da hannu, mutane suna wuce ni ta dama da hagu, wata dattijuwa mai furfura da singiletin wani kulob tana ce mini in yi sauri kada sanyi ya kama ni. Na ƙarasa a cikin na baya-baya, yatsuna ba sa iya kwance igiyar takalmi. A bakin layi aka miƙo mini wata 'yar takarda mai lamba, na kai wa dattijon da ke rubuta sakamakonmu a gindin tantin kulob, ina shirin ba shi haƙuri. Ya duba lambar, ya ce da ban zo ba rukuninsu na biyu bai cika ba, ya miƙo mini shayi a kofin roba. Ranar Talata da na je atisaye, mutum biyar suka kira ni da sunana, biyu daga ciki ma sun faɗe shi daidai.

Wajen sauƙin shiga ne kulob yake da rauni. Atisaye yawanci Talata da Alhamis ne wajen ƙarfe shida da rabi ko bakwai na dare, cikin duhu, an kasa mutane bisa saurinsu, kuma galibi ana barin sabon zuwa ya gwada sau biyu ko uku kafin ya biya. Tseren kuwa ya fi faɗowa Asabar da rana, wasu lig ɗin Lahadi da safe, kuma idan aka haɗa tafiya da jira da dawowa, rabin yini ya tafi. Ga ma'aikacin gidan kula da tsofaffi ko asibiti mai aikin karɓa-karɓa, ko ɗalibin da bizarsa ta taƙaita masa aiki zuwa sa'o'i 20 a mako a lokacin karatu, wanda yawancinsu a ƙarshen mako yake yin su, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Nisan tseren manya yakan kama daga kilomita 6 zuwa 10, kuma kilomita 8 a taɓo ta fi 10 a kwalta wuya, saboda haka ba wurin fara koyon gudu ba ne.

Batun salla yana buƙatar shiri. A Disamba Azahar tana shiga wajen sha biyun rana, La'asar kafin ƙarfe biyu, Magariba kafin huɗu, wato duka ukun suna iya tarar da mutum a fili ko a hanya. Abin da na saba shi ne in fito da alwalata daga gida, in riƙe gorar ruwa ta daban da darduma da ledar shimfiɗa da tufafi masu tsabta, in yi Azahar kafin a tashi, La'asar kuma da zarar na sauya kaya, in gaya wa mai motar tun da wuri cewa zan ɗan tsayar da shi. Ban taɓa samun wanda ya ɓata rai ba. Azumi kuma yanzu ya shigo kakar: na 2026 ya kama a tsakiyar Fabrairu, kuma tun da yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, zai daɗe yana faɗowa cikin watannin gudun daji. Yinin gajere ne, atisayen dare kuma yana zuwa bayan shan ruwa, sai dai yana karo da asham. Tseren rana da azumi a baki kuwa, ra'ayina shi ne a haƙura da shi, a je a taya riƙe tuta ko rubuta lambobi. Game da sutura, singiletin kulob ake buƙatar a gani a sama, babu mai hana sa riga mai dogon hannu a ƙarƙashinta da dogon wando da ɗankwali ko hijabin wasanni, sanyin ma yana sa mutane da yawa rufe jiki. Wasu kulob suna ƙarasa atisayensu a mashaya, kuma babu tilas a bi su, amma walimar bayan gudun daji shayi ce da kek. A Disamba dai a tambaya kafin a ci, domin kek ɗin Kirsimeti sau da yawa da barasa ake haɗa shi.

Haɗarinsa na nan take ne: targaɗe a idon sawu, santsi a gangare, saiwar itace da ganye ya rufe, da ƙusar wani idan aka cunkushe a kwana, wanda ya sa ya dace mutum ya tabbatar allurarsa ta rigakafin sandarewar jiki ba ta tsufa ba. Sanyin da ya fi cutarwa shi ne na bayan an gama, lokacin da jiki ke jiƙe da gumi da ruwa, don haka busasshiyar riga da hula da safa su kasance a saman jaka. Akwai masu agajin gaggawa a tseren da aka yi wa lasisi. Mai asma ya sani iska mai sanyi tana tayar da ita. Abin da ya fi shafar mu kuwa shi ne sikila: sanyi da ƙishirwa da wahala mai tsanani suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon ga mai SS, mai AS ma an san yana iya shiga matsala idan ya ƙure ƙarfinsa babu ruwa a jiki. Wanda bai san rukunin jininsa ba ya gwada, wanda ya sani ya yi shawara da likitansa kafin ya sa hannu a fom. A ɗaya ɓangaren, ƙasa mai laushi ba ta dukan gaɓoɓi kamar kwalta, hawa da sauka kuma suna gina ƙarfin da ke amfanar mutum a kowane irin gudu.

Wanda ya jure har ƙarshen kaka yana iya shiga gasar ƙasa ta Ingila ta hannun kulob ɗinsa ba tare da an nemi ya kai wani mataki na sauri ba. Maza manya suna yin kilomita 12, kuma a 2018 da aka yi ta a Parliament Hill da ke arewacin Landan, sama da maza dubu biyu ne suka kammala, zakaru da 'yan baya duk daga layi ɗaya suka tashi suka tunkari tudu.

parkrun

Wannan gudu ne na kilomita 5 da ake yi kowace Asabar da ƙarfe tara na safe a wuraren shaƙatawa na Ingila, a Sikotland kuwa tara da rabi. Paul Sinton-Hewitt ne ya fara shi a Bushy Park da ke Landan a Oktoban 2004 da mutum 13, yanzu kuma da wuya a sami babban gari da babu shi. Kyauta ne. Ana yin rajista sau ɗaya a intanet, a sami lambar shaida da ake nunawa a waya ko a takarda, a aiko wa mutum da lokacinsa bayan an gama. Takalmin da ake da shi ya isa.

Babu abin da ya kai shi sauƙin shiga. Ana iya tafiya da ƙafa daga farko har ƙarshe, kuma akwai ɗan sa-kai da aikinsa shi ne ya zo a bayan kowa, don kada wani ya ji kunyar zama na ƙarshe. Kafin ƙarfe goma an watse, babu sallar da ya taɓa, mai aikin rana ma yana iya yi ya wuce. Haɗarinsa kaɗan ne, in ban da ranar da ƙanƙara ta daskare a hanya, wadda galibi sokewa ake yi, da kuma kwaɗayin karya lokacin makon jiya kowane mako, wanda ke kai wasu ga rauni.

Aibinsa yana cikin sauƙinsa. Idan mutum bai zo ba babu mai cigiyarsa, kuma safiyar Asabar ta Janairu mai ruwa ba ta rasa hujjar da za ta ba mutum ya ci gaba da barci. Sau ɗaya a mako kuma bai isa ya gina mai gudu ba, sauran kwanakin shi kaɗai zai nemo wa kansa tsari, ko da yake manhajar Couch to 5K ta hukumar lafiya ta NHS, mai mako tara da fita uku a mako, tana cike wannan giɓi ga mai farawa. Ana iya shekara ana zuwa babu wanda ya san sunan mutum. Maganin wannan shi ne ya riƙa ba da kansa aikin sa-kai lokaci-lokaci, domin a nan ne ake sabo.

Tseren titi

Wannan shi ne mai lambar yabo da riga da hotuna, kuma shi ne ya fi cin kuɗi. Tseren kilomita 10 yakan kama fam 20 zuwa 30, rabin gudun yada ƙanin wani mai kilomita 21.1 kuwa daga fam 35 zuwa sama, manyan ma su wuce haka nesa. Idan rauni ko aiki ya hana mutum zuwa, da wuya a dawo masa da kuɗinsa. Manyan irin su cikakken gudun yada ƙanin wani na Landan da ake yi a Afrilu da Great North Run na Newcastle da ake yi a Satumba, waɗanda duka aka fara a 1981, sai an shiga ƙuri'a kafin a sami gurbi. A nan mamban kulob yana da riba biyu: ana rage masa fam 2 a yawancin tseren da ke da lasisi, kuma kulob masu rajista sukan sami 'yan guraben tseren Landan da suke raba wa mambobinsu.

Takalmin titi yana mutuwa bayan kilomita 500 zuwa 800, wato mai gudu sosai zai sayi biyu a shekara. Masu farantin kabon a cikin tafi da ake yayi sun haura fam 200, ba su kuma da ƙarko, kuma ban ga abin da za su ƙara wa mai farawa ba sai nauyin bashi.

Fa'idarsa ta gaskiya ita ce ma'auni. An auna nisan daidai, saboda haka minti 52 na bana ana iya gwada shi da 55 na bara, abin da ba ya yiwuwa a gudun daji inda fili ɗaya yake sauya hali daga mako zuwa mako. Kuɗin da aka biya da ranar da aka sa suna tura mutum atisaye, sai dai turin yana ƙarewa ne ranar tseren, kuma na ga mutane da dama da suka rataye lambar yabonsu suka rataye takalmin tare da ita. Yawancin tseren ma a bazara da kaka ake yi, hunturu na shiri ne, mutum shi kaɗai a kan titi cikin duhu, wanda ke buƙatar riga mai ƙyalli da taka-tsantsan, musamman ga mata. Raunukansa a hankali suke zuwa: ciwon ƙwauri da gwiwa da diddige, saboda taku iri ɗaya a kan ƙasa mai tauri.

Gidan motsa jiki

Masu araha suna karɓar fam 20 zuwa 35 a wata, wanda a baki yake da sauƙi amma a shekara ya kai fam 240 zuwa 420, kuma ana cire shi daga asusu ko an je ko ba a je ba. A karanta sharaɗin fita kafin a sa hannu. Da yawansu a buɗe suke dare da rana, akwai ɗumi da haske da wurin wanka, wasu kuma suna da sashen mata zalla. Shi ne mafi ƙarancin haɗari, kuma ƙarafan ɗagawa da ke ciki suna da amfani ga kowane mai gudu. Amma minti arba'in a kan inji ana kallon bango, ga kiɗa, ga kowa ya toshe kunnensa, abu ne da ni dai ban iya jure shi fiye da wata biyu ba, kuma ban fito da aboki ko ɗaya ba.

| Ma'auni | Kulob da gudun daji | parkrun | Tseren titi | Gidan motsa jiki |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin shekarar farko | Fam 85 zuwa 165 har da riga da takalmin ƙusa | Kyauta | Fam 20 zuwa sama a kowane tsere, ban da takalmi | Fam 240 zuwa 420 |
| Ƙarkon kaya | Takalmin ƙusa yana shekaru | Abin da ake da shi | Sauyi bayan kilomita 500 zuwa 800 | Takalmi ɗaya ya isa |
| Riƙe mutum | Mai ƙarfi, ana cigiya | Rauni, babu mai tambaya | Har ranar tsere | Ya dogara da naci |
| Lokaci | Dare biyu a mako da rabin Asabar | Sa'a ɗaya safiyar Asabar | Yadda mutum ya tsara | Kowane lokaci |
| Haɗari | Targaɗe, faɗuwa, sanyi | Kaɗan | Ciwon ƙwauri da gwiwa, duhun titi | Mafi ƙaranci |
| Sabo da jama'a | Sosai | Sai an yi sa-kai | Kaɗan | Kusan babu |

Wa ya dace da wanne

Wanda rabonsa da gudu tun makarantar sakandare, ko mai ƙiba, ko wanda ya haura arba'in bai saba ba, ya fara da parkrun tare da shirin mako tara, ya bar maganar taɓo sai baɗi. Mai aikin karɓa-karɓa wanda bai san ranar hutunsa ba sai an fitar da jadawali, gidan motsa jiki mai buɗewa dare da rana ne zai yi masa, ya haɗa da parkrun duk Asabar ɗin da ta faɗo masa. Haka ma mai asma mai tsanani da mai sikila, bayan sun ji ta bakin likita, ɗumin cikin gini ya fi musu. Wanda kuma lissafi ke motsa shi, yana son ya ga mintuna suna raguwa, ko yana da niyyar tara wa wata gidauniya kuɗi, ya zaɓi tseren titi ɗaya na Afrilu ko Mayu ya biya, sai dai ko shi zai fi samun sauƙin shirin idan ya shiga kulob don atisayen dare. 'Yar'uwar da ke son gudu amma ba ta son fita ita kaɗai cikin duhu, rukunin kulob ya fi mata aminci, kuma tana iya rubuta wa sakatare ta tambayi yawan matan da ke zuwa kafin ta je.

Mai iya kilomita 5 ba tsayawa, wanda Asabar ɗinsa tasa ce ko da sau ɗaya a wata, kuma abin da ke damunsa kaɗaici ne da ƙarancin kuɗi, kulob da gudun daji ne nasa, ban ga na biyunsa ba. Ɗalibi ya fara duba kulob ɗin jami'arsa, tun da yawancin jami'o'i suna keɓe yammacin Laraba don wasanni, akwai kuma gasar gudun daji ta jami'o'in Birtaniya a farkon Fabrairu, amma kulob na gari ya fi haɗa mutum da masu shekaru daban-daban, kuma ba ya rufewa lokacin hutu.

Ƙanena yana cikin wannan rukuni na ƙarshe. Na ce masa ya dakata da biyan gidan motsa jiki, ya yi parkrun Asabar uku a jere, ya nemi wanda ake yi a kan ciyawa domin ya ɗanɗana santsi, sannan ya je atisayen gwaji na Talata. Na ce kada ya sayi takalmin ƙusa tukuna, ya tambayi kyaftin, domin da wuya a rasa mai tsoho a bayan mota da zai ara masa, ya kuma ɗaure igiyar sau biyu ya naɗe ta da salatif.